Ikon Ƙaramar Hukuma da Iyakarsa: Misali Daga Birnin Kaduna



Tambayar da za mu bi diddiginta a wannan lacca ita ce: idan lambatu ya cushe a Unguwar Kanawa, ko shara ta tare hanya, ko aka ga wani ya kafa shago bisa magudanar ruwa, ƙofar wa doka ta ce a buga? Amsar tana cikin takardun da suka kafa hukumar, domin kuwa hukumar gari ba ta da wani iko sai wanda aka rubuta mata.

A wasu ƙasashe kowane birni yana da kundinsa na kansa. Tun a 1067 Sarki Wiliyam ya ba mutanen Landan takardar da ta tabbatar musu da haƙƙoƙinsu na gado. A Amurka kuwa, jihar Misuri ta yarje wa babban birninta na ciniki, Sen Luwis, ya tsara kundinsa, ya kuwa yi haka a 1876. Irin wannan kundi yakan faɗi iyakar gari, da yawan 'yan majalisa, da harajin da za a karɓa, da aikin kowane jami'i. Mu a Nijeriya ba mu bi wannan hanya ba. Kaduna ba ta taɓa rubuta wa kanta kundi ba. Daga sama ake rubuto mata, kuma duk wanda ya hau mulki yakan sāke rubutun.

Da aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, a shekarar ce aka kafa Dokar Garuruwa, wadda ta kasa garuruwan Turawa daraja uku. Ikko kaɗai ke da daraja ta ɗaya, da majalisarta. Kaduna tana ta biyu, watau Gwamna ne ke naɗa Bature guda ya riƙe gari, tare da 'yan kwamitin da iyakarsu ba da shawara. Wannan Bature shi Hausawa suka kira Kantoma, kuma abin lura ne cewa sunan ya bi duk wani shugaban da aka naɗa ba zaɓe ba, har zuwa zamaninmu. Sauran ƙasar da ke kewaye kuwa tana hannun En'e ta Zazzau, da hakimanta da dagatanta da baitulmalinta. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta cire Kaduna daga Lardin Zazzau, ta mai da ita yankin babban birni mai cin gashin kansa a ƙarƙashin Kantoma. Idan akwai takardar da ta yi kusa da zama kundin birnin Kaduna, to, ita ce wannan.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin mulkin Janar Obasanjo, sa'ad da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya. Aka soke En'e, aka yi wa kowace ƙaramar hukuma riga iri ɗaya, aka ce yawan jama'arta ya kama daga 150,000 zuwa 800,000. Kafin nan ma an riga an karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun sarakuna. Tsarin Mulki na 1979 ya ɗauki wannan tsari, na 1999 ya maimaita shi. Sashe na 7 ya ce lalle ƙaramar hukuma ta kasance zaɓaɓɓiya, amma ya bar wa Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar kafa ta, da tsarinta, da kuɗinta, da ayyukanta. Saboda haka kundin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, wadda Unguwar Kanawa ke cikinta, kashi biyu ne: Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki, da dokar ƙananan hukumomi ta jiha.

Jadawalin nan ya kamata kowane ma'aikaci ya karanta shi da kansa, don bai fi shafi biyu ba. Ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da bayan gida na jama'a, da kwashe shara. Ya ba ta sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da lasin keke da kura da kwalekwale, da kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Ya kuma ba ta hanyoyin cikin unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa, sai dai a nan an sa wata 'yar magana da mutane kan tsallake: gwargwadon yadda Majalisar Jiha ta ƙayyade. Sa'an nan akwai rukuni na biyu, watau makarantun firamare da yaƙi da jahilci da aikin gona da kiwon lafiya, inda aka ce ƙaramar hukuma ta sa hannu tare da gwamnatin jiha. Tsakanin "nata ne" da "ta sa hannu" akwai tazara mai yawa, kuma a cikin tazarar nan ne yawancin ajujuwan da rufinsu ya yaye suke zaune, kowane ɓangare yana nuna ɗan'uwansa.

Mu koma ga mai shagon da ya hau lambatu. Lambatun na ƙaramar hukuma ne. Amma ƙasar da shagon ke kai, bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana hannun Gwamna, tun da yake ƙasar birni ce. Ƙaramar hukuma tana ba da fili ne a karkara kawai. Iznin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. Ashe ke nan shago ɗaya, hukuma uku. Ƙari a kan haka, garin ya girma ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Cikun, alhali ruwan sama bai san iyakarsu ba. Max Lock da abokan aikinsa sun tsara garin a matsayin abu ɗaya cikin rahotonsu na 1967, kuma a 2021 gwamnatin jiha ta sāke gwada hukuma ɗaya mai kula da babban birnin, da Kantomanta. A ganina buƙatar gaskiya ce, amma duk aikin da irin wannan hukuma ta ɗauka daga cikin Jadawali na Huɗu, an ɗauke shi ne daga hannun wanda jama'a suka zaɓa.

Dangane da jami'ai, a tsarin 1976 Sakatare shi ne shugaban ma'aikata mai zartarwa. A zamanin Janar Babangida aka mai da zartarwa hannun Ciyaman, kansiloli suka zama majalisa mai yin ƙananan dokoki da amincewa da kasafin kuɗi. Ciyaman ba shi da ikon kashe kwabo a kan abin da majalisa ba ta sa a kasafi ba. Ma'aji shi ke tsare kuɗi da littattafai, kuma wajibinsa ne ya ja hankalin shugabansa a rubuce idan an umurce shi da biyan da ya saɓa ƙa'ida. Wanda ya yi shiru ya sa hannu, shi ma zai amsa tambayar Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi. Manyan ma'aikata kuwa Hukumar Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ke ɗaukarsu da yi musu canji. Hikimar ita ce kada Ciyaman ya kori Ma'aji don ya faɗa masa gaskiya, amma illar ita ce ma'aikaci yakan fi jin tsoron wanda zai iya cilla shi Birnin Gwari bisa ga wanda yake yi wa aiki. Mai unguwa da hakimi, waɗanda talaka ya fi sani, Tsarin Mulki na 1999 bai ba su aiki ko ɗaya ba, ko da yake su ake fara nema ran da rigima ta tashi.

Saura maganar kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun Tarayya, amma Sashe na 162 ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Ta wannan ƙofa ce aka daɗe ana yanke rabonsu kafin ya iso sakatariyar Magajin Gari da takwarorinta. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma ba a yarda Gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi ba. Hukuncin bai goge kalmomin asusun haɗin gwiwa daga Sashe na 162 ba, domin gyara Tsarin Mulki aikin Majalisar Ƙasa ne tare da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, watau 24 daga cikin 36.