Ranar da Kantuna Suka Wayi Gari Wayam: Tsoro, Garke da Rububin Sayayya a Lokacin Annoba

A watan Fabrairu na shekarar 2020 wasu mutane uku ɗauke da wuƙaƙe suka tare wani mai kai kaya a ƙofar wani babban kanti da ke unguwar Mong Kok a Hong Kong, suka yi masa fashi. Abin da suka kwashe shi ne takardar bayan gida, naɗi wajen 600. Makonni kaɗan bayan haka sai ga hotuna daga Ostareliya da Ingila da Amurka suna nuna manyan kantuna, waɗanda ko da wasa ba a taɓa zaton za su rasa kaya ba, kantocinsu sun zama wayam kamar an share. Shinkafa da taliya da fulawa da sabulu duk sun ɓace. A Sidni har an gurfanar da mata biyu a gaban kotu saboda dambe a kan takardar bayan gida. Wata jaridar birnin Darwin kuwa ta fito da wasu shafukanta babu rubutu, wai don masu karatu su yanka su yi amfani da su in ta ɓaci.

Duk wannan ya faru ne alhali gonaki suna nan, masana'antu suna aiki, manyan motoci kuma suna kan hanya. Ba fari aka yi ba, fāra ba ta sauka ba. Cutar korona da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, cuta ce ta numfashi, mafi yawan ɓarnarta a huhu take. To me ya haɗa ta da takardar bayan gida? Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin amsarta ta ratsa ilmin halittu da lissafi da sha'anin kasuwa, kuma ta shafe mu nan gida fiye da yadda mai karatu zai yi tsammani.

Bari mu fara da dabbobi, tun da su ne suka riga mu wannan sana'a. Tanadi ba baƙon abu ba ne a cikin halittu. Gafiya takan cika kumatunta da gyaɗa ko tsaba ta kai raminta. Tururuwa tana tara hatsi a ƙarƙashin ƙasa, har dattawa suna ba da labarin yadda a shekarun yunwa akan tone gidanta a sami abin sa wa a tukunya. A duwatsun yammacin Amurka akwai wani tsuntsu dangin hankaka da ke binne dubun dubatan 'ya'yan itace a kaka guda, a wurare daban-daban, kuma ya tuna da mafi yawansu bayan ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa. Dabbar da ta yi tanadi fiye da buƙata asararta kaɗan ce, 'yar wahalar ɗauka kawai. Wadda ta gaza tanadi kuwa ranta ne a bakin hanya. Saboda kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba, sai halittu suka karkata ga kuskuren da ya fi sauƙi, wato wuce gona da iri. Manomin da ya cika rumbu ya ƙara da na ajiya a ɗaki a kan wannan lissafi yake tafiya, kuma ba wanda zai ce da shi wawa.

Sai dai tanadi daban, rububi daban. Rububi ɗan garke ne. A 1971 masanin halittu ɗan Ingila W. D. Hamilton ya kawo wani misali da ya shahara: kwaɗi zaune a kewayen kududdufi, a cikin ruwan kuma akwai maciji da ke fitowa ya cafke wanda ya fi kusa da shi. Kowane kwaɗo, don ya rage haɗarin kansa, sai ya yi tsalle ya cusa kansa tsakanin wasu biyu. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya nufi cutar da kowa, amma kafin a jima duk sun dunƙule wuri guda, na gefe kuma shi ne abincin maciji. Abin da Hamilton yake nunawa shi ne, garke yana iya haɗuwa daga son kai na ɗaiɗaiku ba tare da wani shiri ba. Haka nan idan barewa ɗaya ta zabura, sauran ba sa tsayawa binciken ko zaki ta gani ko kuwa iska ce ta kaɗa ciyawa. Gudu yana da arha, bincike kuwa yana iya cin rai.

Ɗan Adam yana ɗauke da irin wannan na'ura a cikin ƙwaƙwalwarsa. Akwai wani ɗan sashe mai siffar ƙwallon dabino da masana ke kira amigdala, wanda ke saurin amsa alamar haɗari, ya sa jiki ya saki sinadaran shirin gudu ko faɗa tun kafin tunani ya gama auna lamarin. Annoba kuwa haɗari ce ta musamman, domin ba a ganin abokin gaba, ba a san ranar ƙarewarsa ba. Mutum ba zai iya kama ƙwayar cuta ya shaƙe ta ba, amma zai iya cika kwandon sayayya, ya koma gida yana jin ya yi wani abu. Wani bincike da aka buga a mujallar PLOS ONE a 2020, wanda ya tambayi mutane fiye da 1,000 daga ƙasashe 35, ya gano cewa abin da ya fi nuna wanda zai tara takardar bayan gida shi ne yawan jin cewa cutar barazana ce gare shi. Masu halin tsari da shiri tun kafin lokaci su ma sun fi tarawa.

Amma a nan ne nake ganin an fi zaluntar jama'a a labaran da aka yi ta bazawa, inda aka ɗora laifin duka a kan 'yan tsirarun haɗamammu da ake nunawa a talabijin suna tura amalanke cike da kaya. Kamfanin Kantar, mai bin diddigin sayayyar gidaje a Birtaniya, ya duba alƙaluman watan Maris na 2020 ya ga cewa masu sayen kaya fiye da kima kaɗan ne ƙwarai; a cikin masu sayen busasshiyar taliya, alal misali, kashi 3 ne kawai cikin ɗari. Abin da ya kwashe kantuna shi ne mutane masu yawan gaske da kowannensu ya ƙara abu ɗaya ko biyu, ya kuma ƙara yawan zuwa kanti. Kuma suna da hujja. An ce musu wanda ya kamu zai killace kansa da iyalinsa kwana 14, an rufe makarantu da gidajen abinci, abincin da yara ke ci a makaranta da wanda ma'aikaci ke ci a bakin ofis duk ya dawo kan murhun gida.

Mai karatu ya ɗauki wannan lissafi mai sauƙi. A ce mai shago yana sayar da mudu 100 na shinkafa kullum, yana kuma ajiye na kwana uku, wato mudu 300, motar kaya tana kawo masa 100 kowace safiya. Idan kowane mai saye ya ce yau bari ya ɗauki biyu maimakon ɗaya, a kwana uku shagon ya ƙare ƙaf, alhali ba wanda ya sayi abin da za a kira hauka. Wanda ya zo a rana ta huɗu ya tarar da wayam, shi kuma in ya samu a wani wuri biyar zai ɗauka, kuma ba za a ga laifinsa ba. Wannan shi ne abin da masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana a 1948, wato hasashen da ke tabbatar da kansa: ƙarya ce ranar da aka faɗe ta, amma da aka gaskata ta sai ta zama gaskiya.

Me ya sa manyan kantuna ba su da ajiya mai yawa? Saboda da gangan aka tsara su haka. Tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata, wanda kamfanin Toyota ya raya a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya mamaye kasuwancin abinci a ƙasashe masu arziki. Sito kuɗi ne, kayan da ke kwance kuma jari ne da aka ɗaure, don haka kanti kan riƙe na 'yan kwanaki ne kawai. Tsarin yana da kyau matuƙar gobe ta yi kama da jiya. Takardar bayan gida kuwa ita ce mafi raunin duka, ga girma ga arha, 'yan ƙunshi kaɗan sun cika kanta, mutum ashirin sun isa su kwashe ta, kuma giɓin da take bari ya fi na kowane kaya ɗaukar ido a hoto. Daɗin daɗawa, kasuwarta biyu ce. Wadda ake yi wa ofisoshi da otal-otal da filayen jirgin sama manyan naɗi ce, ta wata hanya dabam ake rarraba ta, ba ta shiga kantin unguwa. Da mutane suka koma gida sai wancan ɓangare ya yi kwantai, wannan kuma ya ƙare. Haka aka yi da fulawa a Birtaniya, inda kusan duka ana sayar da ita ne a manyan buhuna ga gidajen burodi, injinan ɗura ta a ƙananan jakunkuna suka kasa biyan buƙata. A Amurka kuwa, a watan Afrilu na 2020, makiyaya suna zubar da madara a ƙasa a daidai lokacin da wasu kantuna ke ƙayyade wa mutum kwalba nawa zai saya.

Ba korona ce ta fara haifar da wannan ba. A ƙarshen 1973, lokacin rikicin man fetur, jita-jita ta sa matan aure a yankin Osaka na Japan suka yi wa takardar bayan gida wawaso, abin ya bazu ƙasar baki ɗaya. A watan Disamba na wannan shekara mai barkwancin talabijin Johnny Carson ya yi raha da batun ƙarancinta a Amurka, washegari kantuna suka fara ƙarewa. A Maris na 2011, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima, gishiri aka yi wa rububi a biranen Sin, bisa zaton aidin da ke cikinsa yana kare jiki daga tururin nukiliya, alhali adadin da ke cikin gishirin girki bai kai ko kusa da abin da zai yi wannan aiki ba.

Gishiri kuwa ya kawo mu gida. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas ta hannun Patrick Sawyer, saƙo ya yi ta yawo a wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa a Arewa ba za su manta da bugun wayar asubar nan ba. Ebola ba ta iso Arewa ba. Mutum 20 ta kama a Nijeriya, a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu. Amma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, aka kwantar da wasu a asibiti. Dalilin a fili yake ga ɗalibin ilmin halittu: idan gishiri ya yi yawa a jini yakan janye ruwa daga cikin ƙwayoyin halitta, har da na ƙwaƙwalwa, ga kuma mai hawan jini da abin zai ƙara wa nauyi. Haka nan a Maris na 2020, da Shugaba Donald Trump ya yabi kulorokwin a matsayin maganin korona, sai aka yi wa shagunan magani tsinke, farashi ya tashi, hukumomin lafiya a Legas suka sanar da samun waɗanda maganin ya yi wa illa. A ƙasashe da dama masu ciwon sanyin gaɓoɓi da suka daɗe suna shan ɗan'uwan wannan magani suka neme shi suka rasa. Da babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya ya fito a watan Yuni na 2020, sai aka ga ba ya rage mutuwa ko kaɗan.

Kwaɗon gefe, wanda maciji ke ci, a nan ma yana nan. A Ingila wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki hoton kanta tana kuka a mota, ta tashi daga dogon aiki a ɗakin masu tsananin ciwo ta tarar babu ko 'ya'yan itace a kanti. Ranar 3 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa rububi da ɓoye kaya sun sa farashin takunkumin likitoci ya ninka shida, ma'aikatan asibiti suna aiki ba kariya. A wajenmu kuwa, da aka sanar da kulle Legas da Abuja da Ogun daga 30 ga Maris, aka kuma kulle Kano a tsakiyar Afrilu, azumi saura kwanaki, mai albashi ya sayi buhu. Ɗan dako da mai tura baro da mai sayar da ruwa, waɗanda sai sun fita suke samun na awo, ba su da abin yin rububi da shi, sai dai tsadar da rububin wasu ya jawo. Ga kuma wani abin takaici ta fuskar yaɗuwar cuta: cunkoson da aka yi a kasuwa kafin kulle da ranakun da aka sassauta shi, kafaɗa da kafaɗa, shi ne ainihin yanayin da ƙwayar cutar numfashi ke so.

Abin da ya kwantar da ƙura a wurare da yawa bai zama wa'azi ba, domin cewa da mutum kada ya firgita tamkar sanar da shi ne cewa akwai abin firgita. Ƙayyade adadi ya fi aiki. Da kantuna suka ce biyu ko uku kowane mutum zai ɗauka, sai mai saye ya tabbata na bayansa ba zai kwashe duka ba, dalilin gaggawarsa ya ragu. Aka ware wa tsofaffi da ma'aikatan lafiya sa'o'insu na shiga. A Singafo, washegarin rububin 7 ga Fabrairu, 2020, Firayim Minista Lee Hsien Loong ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla a kan abin da aka sani game da cutar da kuma ajiyar da ƙasar ke da ita. A Japan, inda jita-jita ta ce daga Sin ake shigo da takardar bayan gida alhali kusan duka a cikin ƙasar ake yin ta, wasu manyan kantuna sai suka jibge ta tsibi-tsibi a fili inda kowa zai gani yana shigowa. Cikin 'yan makonni kantocin suka sake cika, gidaje da yawa kuma suka yi watanni ba su ƙara sayen ko naɗi ɗaya ba.