Na'urar Ƙarin Ruwa Mai Ƙin Bin Umurnin Kuskure

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san ƙarin ruwa: leda a rataye, siririyar roba, da allura a jijiya. A da ma'aikaciyar jinya ce kan ƙirga ɗigon ruwan da agogo a hannu. Amma akwai magunguna masu ƙarfi, irin su insulin da mofin da hefarin mai hana jini daskarewa, waɗanda ƙarin ɗan kaɗan cikinsu kan iya zama ajali. Saboda haka aka ƙera famfon lantarki mai tura magani daidai da lambar da aka danna masa.

Sai dai famfunan farko biyayya kawai suka sani. A ce likita ya rubuta mililita 1.0 a awa, ma'aikaciya ta danna, amma ɗigon lissafi bai shiga ba. Lambar ta koma 10 ke nan, majinyaci ya sami ninki goma na maganinsa, na'ura kuwa ba ta ce uffan ba.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga babban asibitin Massachusetts da ke birnin Boston a Amurka, inda Dokta Nathaniel Sims da abokan aikinsa suka tsara abin da ake kira kundin magunguna. Wato masana harhaɗa magunguna na asibiti su ɗura wa kwamfutar famfon sunan kowane magani, da ƙarfinsa, da mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da ya halatta a ba mutum. Iyakokin iri biyu ne. Idan aka ƙetare mai sassauci, na'ura ta yi gargaɗi ta nemi a tabbatar. Idan aka ƙetare mai tsauri, sai ta ƙi motsi sam. An ba da haƙƙin mallakar ƙirƙirar famfo mai wannan kundi a 1997, kuma a 2001 kamfanin Alaris ya fito da nasa tsarin mai suna Guardrails.

Bugu da ƙari, akwai wasu dabarun kariya. Wata na sa ido kan kumfar iska a cikin roba, wata na jin ƙaruwar matsi idan jijiya ta toshe, wata kuma na matse robar da zarar an buɗe ƙofar famfo, don kada ruwan ya kwarara gaba ɗaya.

Shi haƙƙin mallakar ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Hukuma kan hana kowa kwaikwayon aikinsa ba da izini ba, yawanci na tsawon shekara 20, shi kuma dole ya bayyana yadda abin ke aiki. Idan wa'adin ya cika, kowa na iya ƙerawa.

Duk da haka, takardar haƙƙi ba ta tabbatar da cewa na'ura ba za ta yi kuskure ba. Daga 2005 zuwa 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi rahotanni kusan 56,000 na matsalolin famfunan nan, aka kuma janye wasu daga kasuwa har sau 87. Ma'aikaci mai gaggawa ma na iya tsallake kundin ya danna lamba kai tsaye. Don haka har yanzu ɗalibin aikin jinya sai ya ƙware a lissafin awon magani, domin kundin yana kama lambar da ta wuce iyaka ne kawai, ba ya gane an rataya ledar da ba ita ba.