Uwargida, Nama Nawa Za Ki Saya?

Yau batun lissafin nama za mu yi, domin da yawa daga cikinmu a nan Kaugama da sauran ƙasar Hadeja kan ji kunya ran suna ko biki. Maigida ya kawo nama tuli, a dafa, a zo rabo, sai a ga bai kai ba. Daga nan sai zargi ya tashi, a ce masu aikin tukunya sun yi ɗan hali. Alhali kuwa wuta ce ta ci rabonta.

Ki sani, uwargida, wajen kashi 70 cikin 100 na ɗanyen nama ruwa ne. Idan zafi ya ratsa shi, tsoka takan takure ta matse ruwan waje, kitse kuma ya narke. Saboda haka nama kan rasa kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyinsa, wato rubu'i. Kilo 1 sai ya koma giram 750.

To, ga yadda za ki yi. A ce kina jiran baƙi 40, kina son kowa ya sami giram 75 na dafaffen nama. Jimla kilo 3 ke nan. Tun da kashi 75 ne ke saura bayan dahuwa, sai ki raba 3 da 75, ki ninka da 100. Amsa ita ce kilo 4. Shi za ki aika a sayo.

Amma ki kula da wani tarko. Wata za ta ce, "Ai rubu'i ke tafiya, bari in ƙara rubu'i." Sai ta sayi kilo 3 da giram 750. Wuta kuwa za ta ɗebi rubu'inta daga dukan abin da aka zuba, har da ƙarin. Abin da zai rage bai wuce kilo 2 da giram 813 ba. Baƙi biyu ko uku sun tashi da gaya ke nan. In taron mutum 160 ne, goma za su rasa. Ki riƙe wannan: rubu'i ke tafiya, amma sulusi ake ƙarawa.

Idan mahaucinku ba ya awo da sikeli, tsibi-tsibi yake kasawa, ƙa'idar ba ta sake ba. Duk inda idonki ya ce uku za su isa, ki sayi huɗu. Wannan lissafi na tsoka ne zalla, don haka ki sa a ware ƙashi daban.

Soyayyen naman layya da dambun nama sun fi haka raguwa, kilishi kuwa yakan rasa fiye da rabi. Mai sana'ar abinci, ki auna kilo 1 ɗanye, ki sake aunawa bayan kin sauke. In giram 600 kika samu, da 60 za ki riƙa rabawa, kuma a kansa za ki yanka kuɗi, kada uwar kuɗi ta narke.

Daga ƙarshe, ki sassauta wuta, kuma kada ki zubar da romo, don daɗin da ya fita daga naman yana cikinsa. Sai mako mai zuwa. Allah ya fid da mu kunya, amin.