Shirin Musamman: Abincin Matashi Mai Fara Ɗaga Ƙarfe a Agege

Shirinmu na yau na samarin Agege ne, da na Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, waɗanda suka fara ɗaga ƙarfe suna neman ƙwanji. Iyaye mata, ku ma ku matso kusa da rediyo, domin tukunyar a hannunku take.

Wanda ya saba ratsa lungunan Zangon Agege da la'asar ya san wurin. Gwangwanayen fenti biyu an cika su da siminti, an soka musu bututun ƙarfe, ga bencin katako, ga samari a tsaye suna jiran layi. Wannan ya ɗaga sau goma, wancan ya rantse sai ya yi sha biyar. Himma kam akwai ta. Amma tambayi yaron da me ya karya, zai ce maka burodin Agege da shayi. Da rana Indomie, da dare ya jiƙa garin kwaki. Sai a kwashe watanni yana zufa, damtse na nan jiya i yau, ya fara zargin ko jininsa ne ba na ƙiba ba.

To ɗan'uwa, ba laifin jininka ba ne. Ƙarfe wahalar da tsoka kawai yake yi. Sai ka ajiye shi, ka ci, ka kwanta, sannan jiki ke gyara ta, ya ƙara mata kauri. Abin da yake gyaran da shi kuwa shi ne furotin, sinadarin gina jiki, wanda abincin da muka lissafa ɗin nan bai da shi sosai.

Masana abincin 'yan wasa sun fi tsayawa a kan giram 1.6 zuwa 2.2 na furotin a rana ga kowane kilo na nauyin mai ɗaga ƙarfe. Saurayi mai kilo 60 ke nan yana neman kamar giram 100. Kada lissafin ya firgita ka, bari mu bi shi da abincin da ke bakin titi.

Da safe ka ce wa mai shayi ya soya maka ƙwai 3, ka haɗa da burodinka. Kowane ƙwai na da giram 6, ka samu 18. Da rana wake da shinkafa, amma waken ya rinjaya, ba ƙwaya-ƙwaya ba. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da kusan 23. Ɗora masa yankan kifi titus mai kauri, kamar giram 100, ka ƙara kusan 20. Da yamma bayan ka sauke ƙarfe, gyaɗa cikin tafin hannu biyu, giram 50, ta ba ka 12. Da dare tuwo da miya da tsokar naman sa giram 100, wajen 26. In ka tara, ka kusa cika 100, ba ka taɓa gwangwanin garin furotin na kanti ba.

Na san wani yana cewa, malam, nama da kifi kullum a wannan tsadar? Gaskiyarka. Nan ne waken suya ke shigowa. Busasshensa na da furotin kusan giram 36 a cikin 100, ya ɗara wake da gyaɗa. Awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin layi, wadda wasu samari ke rainawa, ta fi musu amfani a kan lemon kwalba nesa ba kusa ba. Ga ƙosai, ga alale, ga ɗanwake, ga ewa agoyin na maƙwabtanmu Yarabawa. Ƙuli-ƙuli ma, tun da an matse mansa, furotin ɗinsa ya fi na gyaɗa yawa. Sai dai a guji wanda ya yi fumfuna ko yake ɗaci. Kuma haɗa wake da hatsi dabara ce mai kyau, domin abin da furotin ɗin wake ya gaza a kai, na shinkafa ko gero na cike shi. Fura da nono na gaske, ba wanda aka tsinka da ruwa ba, ya shiga lissafi.

Sai maganar ganda, wadda a nan Legas ake kira ponmo. Muna zaune kusa da mayankar Oko-Oba, inda 'yan'uwanmu mahauta da fataken shanu ke hada-hada kullum, amma saurayi ya je buka ya ce a sa masa ganda uku yana ganin ya ci nama. Ganda fata ce. Furotin ɗin da ke cikinta ba ya gina tsoka yadda tsokar nama ko ƙwai ke yi. Da kuɗin ganda uku gara ƙwai biyu. Ƙwan ma a dafa ko a soya. Masu fasa ɗanye cikin madara suna kwankwaɗa asara suke yi: jiki na amfana da kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai ne kawai, na dafaffe kuwa kusan kashi 90 cikin 100, ga kuma haɗarin ciwon ciki.

Kada kuma a ce na hana tuwo. Shinkafa, doya, dankali da gero su ke ba ka ƙarfin ɗaga ƙarfen. Mai son jiki ya ƙaru sai ya ci fiye da abin da yake ƙonawa, da kamar kalori 300 zuwa 500 a rana, wato ƙarin matsakaicin kwano guda. Ɗan dako a Mile 12 da ke wuni yana sauke buhunan albasa, ko mai tura kurar ruwa, shi ƙarinsa ya fi haka, don aikinsa ya riga ya cinye abin da ya ci. A sa ganye da kayan marmari, a sha ruwa sosai a zafin nan na Legas, a yi barcin awa 7 zuwa 9.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sayarwa ba takardar likita. Da yawansu dexamethasone ne, magani mai amfani a hannun likita, amma ga mai neman ƙwanji akasin buƙatarsa yake yi. Yana tara ruwa da kitse, fuska ta kumbura, tsoka kuma ta zube, sukari da hawan jini su biyo baya. Alluran ƙarin tsoka da ake raɗa wa yara a wuraren motsa jiki suna taɓa hanta da zuciya, suna rage ƙwayoyin haihuwa, yaron da bai gama girma ba kuma suna iya tsayar masa da tsawo. Tramadol don kada a ji gajiya kuwa hanyar shaye-shaye ce kai tsaye. Garin furotin na kanti ba haramun ba ne ga mai hali, in yana da lambar NAFDAC ta gaskiya, amma a ganina mai farawa bai buƙace shi ba.

Haƙuri ne abin da ya fi wuya. Mai farawa da ke ci daidai, yana motsa jiki sau 3 ko 4 a mako, in ya ƙara rabin kilo zuwa kilo guda na tsoka a wata, ya yi ƙoƙari. Wanda ya ce zai mayar da kai ƙato cikin mako biyu, aljihunka yake hari.

Ka riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka karya. In mako uku sun wuce bai motsa ba, ƙara kwano guda. Mai ciwon ƙoda, sikila, ciwon sukari ko hawan jini, ya fara ganin likita kafin ya taɓa ƙarfe ko ya sauya cimarsa. Iyaye kuma, in kun ga fuskar yaro ta kumbura farat ɗaya, ku tambaye shi abin da yake sha.