Turɓayar Gona: Jamadi Ce ko Mai Rai?

Malamanmu na da sun kasa halittun duniya kashi uku, jamadat da nabatat da hayawanat, wato sandararrun abubuwa da tsirrai da dabbobi, kuma da za a tambayi almajiri inda zai ajiye turɓayar gona, babu shakka cikin jamadat zai sa ta, tare da dutse da ƙarfe. Littattafan makarantun zamani ma a kan wannan hukunci suke, domin idan suka zo bayanin zaman cuɗanyar halittu da muhallinsu, sukan jera ƙasa tare da ruwa da iska da hasken rana a sahun marasa rai. Hujjarsu kuwa ba mai rauni ba ce, gama ƙasa ba ta haihuwa, kuma kusan rabinta garin duwatsu ne da suka marmashe a tsawon dubban shekaru, sauran kuwa galibinsa ruwa ne da iska.

Sai dai ni a ganina wannan hukunci, ko da yake sahihi ne a zahiri, naƙasasshe ne a haƙiƙa, domin ɗan abin da ya rage, wanda a ƙasa mai kyau bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, shi ne ya raba gona da rairayin hamada. A cikinsa akwai ruɓaɓɓen ganye da saiwa, akwai tana da gara, akwai kuma ƙwayoyin bakteriya waɗanda ido ba ya riska, da yawansu a cikin cokali guda na turɓaya kan kai ɗaruruwan miliyoyi. Ƙamshin nan da ke tashi ranar da ruwan farko ya sauka, wani jinsi ne daga cikin waɗannan bakteriya yake samar da sinadarinsa.

Masana ba su fahimci wannan da wuri ba. A 1881 Charles Darwin ya wallafa littafi sukutum a kan yadda tana ke juya ƙasa. A 1883 Vasily Dokuchaev, mutumin Rasha, da ya gama nazarin baƙar ƙasar ƙasarsu, ya bayyana cewa turɓaya halitta ce mai zaman kanta, wadda dutse da yanayi da masu rai da tsawon zamani suka haɗu suka gina. A 1886 kuma Hellriegel da Wilfarth, Jamusawa, suka tabbatar cewa ta ƙululun da ke jikin saiwar dangin wake da gyaɗa ne naitirojin na iska yake zama abincin shuka. Manomin da ke haɗa gero da wake ya daɗe yana cin moriyar wannan sirri.

Saboda haka abin da na tsaya a kai shi ne, ƙasa mahaɗa ce ta mai rai da marar rai, kuma idan aka zare ɗaya, ɗayan ba zai amsa sunan ƙasar noma ba. Dalili mafi ƙarfi a wurina yana Illela ta jihar Tawa a Nijar, inda manoma suke fuskantar faƙon da ya ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarsa, su haƙa ƙananan ramukan da suke kira tassa, su zuba taki a ciki tun da rani. Gara takan biyo takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan damina ya sami mashiga, gero ya tsaya a filin da aka riga aka yanke ƙauna da shi.