INSHORAR HATSARI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A ƘASAR GWARZO DA KABO

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai, da dagatai, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Dalili kuwa shi ne, in hatsari ya auku a ƙauye, ƙofar mai unguwa a kan fara bugawa, daga nan sai ta dagaci, sa'an nan ta hakimi. Wanda a ke kawo wa kuka, lalle ne ya san abin da zai gaya wa mai kukan.

Abin da ya kawo maganar

Hanyar da ta taso daga Kano zuwa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ta zarce Dayi cikin Jihar Katsina. Kowa ya san yadda ta ke cika ranar kasuwar Getso: manyan motoci ɗauke da shanu da hatsi, ga babura masu goyon mutum biyu ko uku suna saƙawa a tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023 kan hanyoyi, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasuwa ko wace shekara saboda hatsarin hanya. Amma fa tsautsayi bai tsaya a kan titi ba. Akwai wanda ya faɗo daga bisan ɗorawa, da wanda rijiya ta rufta da shi, da wanda san huɗa ya soka, da wanda injin casa ya cinye wa yatsu.

In maigida ya karye ana tsakiyar damina, asara biyu ke samun gidan lokaci guda. Ga kuɗin magani yana fita, ga gona ta rasa mai nome ta. Da fari a kan sayar da akuya, daga baya a taɓa shanun huɗa, ƙarshe a jinginar da gonar gado. Dangi da maƙwabta suna kawo gudummawa, Allah ya saka musu, amma gudummawar kwana uku ba ta riƙe jinyar wata shida.

Mene ne inshorar hatsari?

Yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutum yana biyan kuɗi kaɗan, galibi sau ɗaya a shekara. Kamfani kuma ya ɗauki alkawari a rubuce cewa in hatsari ya sami mutumin cikin wannan shekara, har ya rasu, ko ya nakasa, ko ya kwanta, zai biya shi ko iyalinsa wani adadi da aka ambata tun da fari. Mutane da yawa ke zubawa, kaɗan ne hatsari ke samu, saboda haka abin da aka tara ya kan isa a ɗauke wa waɗannan kaɗan ɗin nauyi. Watau dai gayya ce ta kuɗi. Bambancinta da adashi shi ne, a adashi kowa yana da ranar kwasa, a nan kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke kwasa.

Abin ya samo asali ne a Ingila. Sa'ad da jirgin ƙasa ya ke sabo mutane suna tsoronsa, sai aka kafa wani kamfani a Landan a 1849 mai sayar wa fasinja takardar inshora tare da tikitinsa. A Nijeriya kuwa kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Ikko a 1921. Tun 1997 hukumar NAICOM ce ke ba kamfanonin inshora lasin tana duba aikinsu, a watan Agusta na 2025 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003.

Abin da a ke biya

A wurin kamfani, hatsari shi ne abin da ya zo wa jikin mutum daga waje, farat ɗaya, ba da nufinsa ba. In ya auku, biyan ya kasu kashi huɗu.

Na ɗaya, rasuwa. In mutum ya rasu saboda hatsarin, nan take ko cikin wa'adin da takarda ta ambata, wanda galibi wata 12 ne, a kan biya iyalinsa dukan adadin.

Na biyu, nakasa ta har abada. Wanda ya rasa idanu biyu, ko hannuwa biyu, ko ƙafafu biyu, ko ya shanye har ba ya iya ko wace irin sana'a, a kan ba shi dukan adadin yana raye. In gaɓa ɗaya ce, sai a ba shi wani kaso bisa jadawalin da ke cikin takardar.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya karanci babin diyya a fiƙihu. A can cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce, ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya, ko wane yatsa kuma raƙumi 10. Jadawalin inshora ya yi kama da haka. Misali, a ɗauka wani manomi a Garo ya yi yarjejeniya a kan Naira miliyan 1, jadawalinsa kuma ya sa wa ido ɗaya kashi 50 cikin 100. In tsinke ya tsone masa ido ya mutu, Naira dubu 500 za a ba shi. Sai dai a lura da bambanci. Diyya sai akwai wanda ya jawo raunin. To, wanda ya zame daga kan rumbunsa, wa zai kai ƙara gaban alƙali? Inshorar hatsari ba ta tambayar mai laifi. Ko laifin wani ne, ko ba na kowa ba ne, za a biya. Wannan shi ne babban amfaninta.

Na uku, kwanciya ta ɗan lokaci. Wanda ya karye ya kasa fita aiki, a kan ba shi wani abu ko wane mako har ya miƙe, ko har makonnin da aka iyakance su cika. Waɗansu takardun suna ba da mako 52, waɗansu har 104.

Na huɗu, kuɗin asibiti. A kan mayar wa mutum abin da ya kashe a kan magani da aiki, har zuwa iyakar da aka rubuta, in ya kawo rasit.

Kuɗin da mutum zai biya a shekara ya dangana ga adadin da ya zaɓa da kuma irin sana'arsa. Malamin ofis ba ya biyan abin da mai haƙar rijiya zai biya. Ƙungiya ta kan iya saya wa 'ya'yanta gaba ɗaya, kamar ta direbobi ko ta manoman rani, wannan kuwa ya fi araha a kan ko wane mutum.

Abin da ba a biya

Nan ne rigima ta kan taso, don haka a karanta da natsuwa. Ciwo ba hatsari ba ne. Zazzaɓin cizon sauro, da hawan jini, da ciwon suga, da haihuwa, duk ba sa ciki. Ba a biyan wanda ya ji wa kansa ciwo da gangan, ko wanda ya yi hatsari yana cikin maye, ko yana aikata laifi. Takardu da yawa kuma sun fitar da yaƙi da tarzoma, sun sa iyakar shekaru, galibi 65.

Akwai abubuwa uku da suka shafi mutanenmu ƙwarai, waɗanda ya kamata a tambaya kafin a biya ko kwabo. Shin hawan babur yana ciki? Waɗansu takardun sun fitar da shi, waɗansu sai an ƙara kuɗi, alhali kuwa babur shi ne dokin talaka a yau. Shin saran maciji yana ciki? Shin harin 'yan fashi yana ciki? In wakilin kamfani ya ce i, a ce ya nuna layin da aka rubuta. Maganar baki ba ta kama kamfani.

Kada a rikita ta da waɗansu takardu

Mai babur ya kan ce yana da inshora, ya zaro takarda daga aljihu. Wannan takardar ta abin hawa ce, wadda dokar 1945 ta tilasta, har yanzu kuma tilas ce. A farashin da aka sa daga 1 ga Janairu 2023, ta motar gida Naira 15,000 ce, ta a-daidaita-sahu Naira 5,000, ta babur Naira 3,000. Amma wanda abin hawan ya buge, ko ya ɓata wa dukiya, shi a ke biya da ita. Mai babur ɗin da ya karya ƙafarsa ba ya samun kome.

Tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, wanda aka yi dokarsa a 2016, yana biyan asibiti kuɗin maganin wanda ya yi rajista, amma ba ya sa tuwo a gidan majinyaci. Dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010 kuwa, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi mai aikin albashi da ya ji rauni a bakin aikinsa. Manomi, da mahauci, da ɗan acaɓa, da mai tireda, masu cin gashin kansu ne, ba wanda ke zuba musu. Su ne mafi yawan talakawanku, su ne kuma suka fi bukatar wannan tanadi.

Matsayin addini

Za a tambaye ku wannan, kada ku kauce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari da ke cikinta, amma ta halatta wadda aka gina a kan taimakon juna da kyauta. Ita ce a ke kira takaful. An fara kamfaninta a Sudan a 1979. A tsarinta, abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aikinsa, ba a juya kuɗin ta hanyar riba da ruwa, in kuma an sami rara a ƙarshen shekara a kan iya raba wa masu zubi. Malamai sun kamanta ta da yadda dangin mai kisan kuskure na wajen uba ke haɗa masa diyya. NAICOM ta fitar da ƙa'idodin takaful a 2013, ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin a 2016, waɗansu kuma sun biyo baya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya kai wa malaminsa takardar su duba tare. Tanadi ba ya kore tawakkali, gama wanda ya cika rumbu da kaka bai yi shakkar Mai arzutawa ba.

Aikin da ya rataya a wuyanku

Da fari, in baƙo ya zo ƙauye yana sayar da inshora, a tambayi sunan kamfaninsa da shaidar aikinsa, a tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NAICOM ta ba lasin. Kada a biya kuɗi ba rasit, kada kuma a yarda da rasit ba takardar yarjejeniya.

Na biyu, malamin hakimi ya karanta wa mutum takardar, ya fassara masa ita layi-layi kafin ya sa hannu. A faɗi gaskiyar sana'a, da shekaru, da tsohuwar nakasa in akwai. Wanda ya rubuta malami alhali ɗan acaɓa ne, ya ba kamfani hujjar hana shi. Sunan da aka rubuta ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. A kuma gaya wa matar gida da babban ɗa inda aka ajiye takardar, domin sau da yawa mai ita ba shi zai nemi biyan ba.

Na uku, in hatsari ya auku, a sanar da kamfani maza-maza cikin kwanakin da takarda ta ambata. A kai mai rauni asibiti, ko Babban Asibitin Gwarzo, ko Asibitin Ƙashi na Dala in karayar ta yi tsanani. Mun san mutanenmu sun saba da maɗora, amma kamfani ba ya biya sai da takardar likita. Wanda ya wuce wurin mai ɗori bai ga likita ba, ya zubar da haƙƙinsa. In a kan hanya ne, a nemi rahoton 'yan sanda. In an yi rasuwa, a karɓi takardar shaidar mutuwa, hakimi kuma ya taimaka da wasiƙar da ke tabbatar da mamacin da iyalinsa. Game da rabon kuɗin tsakanin magada, a nemi shawarar alƙali tun kafin a taɓa su.

Na huɗu, in kamfani ya ƙi biya ba da hujja ba, ko ya yi ta jan rai, a rubuta ƙara zuwa NAICOM, gama tana da sashen sauraron koke-koke. A haɗa da kwafin ko wace takarda, a riƙe ta asali a gida.

A ƙarshe, a tuna yarjejeniyar ta shekara guda ce. Ranar da ta cika, in ba a sabunta ba, kariya ta ɗauke, ko da an shekara goma ana biya. Ya kyautu malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta sunayen waɗanda suka shiga da ranar cikar ko wannensu, ya aika a tuna musu. Lokacin da ya fi dacewa a yi wa jama'a wannan bayani shi ne da kaka, sa'ad da aka sayar da amfanin gona akwai kuɗi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyashe mu da talakawanmu daga tsautsayi, ya ja zamanin shugabanninmu, amin.