Wasan Wuta Lokacin Kirsimeti: Shawara Ga Matasa Masu Sha'awar Haɗa Sinadarai

Da zarar watan Disamba ya kama, sai a ga 'yan tebur sun baza nokawut da banga, yara kuma su hana kowa sakat da "sai an saya mini". A cikin matasanmu na Gwashi da Anka da Gummi akwai waɗanda ba harbawar kaɗai ke burge su ba. Sun ɗan taɓa kimiyya a sakandare, suna so su san abin da ke cikin takardar nan, wasu ma har suna tunanin haɗa nasu. Neman sani ba laifi ba ne. Amma 'yan'uwa, kafin yaro ya sa hannu, ya kamata shi da iyayensa su san irin abin da ake wasa da shi.

Tushen wasan wuta shi ne albarushi, irin wanda maharba ke ɗura wa bindigar toka. Mutanen ƙasar Sin ne suka gano shi wajen ƙarni na 9. Wutar murhu tana bukatar iska, shi ya sa idan aka kifa mata kwano ko aka zuba ƙasa sai ta mutu. Albarushi kuwa yana ɗauke da iskar konewarsa a jikinsa, don haka in ya kama, rufe shi ba ya kashe shi. In yana cikin kwalba ko gwangwani, hayaƙin ya rasa mafita, sai mazubin ya tarwatse, ɓaraguzansa su zama kamar harsashi. Ba kuma lallai sai da ashana ba. Gugar ƙarfe da ƙarfe, ko daka a turmi, ko ɗan tartsatsin nan da ke fita daga riga lokacin hunturu, duk suna iya tada shi.

Launukan da ake gani a sama kuwa daga gishirin ƙarafa suke. Sitirontiyom ke ba da ja, bariyom kore, jan ƙarfe shuɗi, sodiyom kuma rawaya. Wasu daga cikin waɗannan, kamar na bariyom, guba ne ga wanda ya haɗiya ko ya shaƙi ƙurarsu.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa ba idan aka mai da tsakar gida wurin sarrafa ma'adinai. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa, abinci ake nema. Rashin sani ne ya jawo, kuma ƙananan yaran da ba su da hannu a aikin su ne abin ya fi ci.

Ajiya ma haɗari ce. Ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a kasuwar Jankara ta Ikko, gine-gine suka ƙone, mutane da dama suka jikkata. Ranar 16 ga Janairu, 2024, unguwar Bodija ta Ibadan ta girgiza, aka rasa rayuka, gidaje suka rushe. Gwamnatin Jihar Oyo ta ce nakiyar fasa dutse ce masu haƙar ma'adinai suka ɓoye a cikin gida. Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964 ta hana haɗawa ko ajiye irin waɗannan kaya ba da lasisi ba, kuma rundunonin 'yan sanda na jihohi da yawa sukan hana harba nokawut a ƙarshen shekara. Ga kuma halin tsaro da muke ciki: ƙarar banga da dare tana iya sa gari ya watse, tsofaffi da masu ciki su faɗa daji da gudu.

To, yaya mai sha'awa zai fara? Ya fara da abin da ba ya fashewa. A jiƙa zoɓo a raba ruwan kofi biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ɗayan, zai rikiɗe ya yi duhu-duhu zuwa kore. Wannan shi ne gwajin tsami da kishiyarsa da ake koyarwa a aji. A barbaɗa ɗan gishirin miya a harshen wutar risho, babba yana tsaye, za a ga rawayan sodiyom. Yaro ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi da abin da ya gani. Sauran gwaje-gwaje sai a ɗakin kimiyya na makaranta, gaban malami, da tabarau na kariya. Wanda ya dage, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda.

Inda hukuma ta yarda a harba na sayarwa, a kiyaye waɗannan. Babba ya kunna, a fili, nesa da jinka da rumbu da tarin kara, gama a hunturu komai a bushe yake. A ajiye bokitin ruwa kusa. Kada a riƙe a hannu, kada a jefa wa mutum ko dabba. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada a leƙa shi, a dakata, sa'an nan a jiƙa shi da ruwa. Kada a farke takardu a tara garin wuri ɗaya. Ko ɗan sandan nan mai walƙiya da ake ba ƙananan yara, zafinsa yakan wuce digiri 1,000.

In an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Ban da manja, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai. In ido ne, kada a murza.

Dattawan ikilisiya da shugabannin matasa, sai ku yi wannan magana kafin biki, ba bayan an kai yaro asibiti ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.